Yaron da ya rubuta 40 maimakon 6

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce an ba ɗanki na aji biyar rektangul mai girman fili santimita murabba'i 48, tsawonsa santimita 8, aka ce ya nemo faɗi, shi kuwa ya ɗebe 8 daga 48 ya rubuta 40. Na daɗe ina koyar da lissafi a firamare nan Argungu, kuma kusan kowace shekara sai na ci karo da wannan amsa. Yaron bai san abin da 48 ɗin ke ƙirgawa ba ne.

Don Allah kada ki fara da ce masa "raba kawai". Zai haddace, jibi ya manta. Ki fita da shi tsakar gida ya tona guraben dara a ƙasa, kamar yadda dattawa ke yi a gindin bishiya: layi 5, kowane layi gurbi 6, duka 30. Sai ki share, ki ce guraben 30 ne, kowane layi 6, layi nawa ke nan? Ki bar shi ya jera da hannunsa, ko da zai ɓata lokaci. In ya kai layi na biyar guraben suka ƙare, ya yi rabawa ba tare da an faɗa masa sunanta ba.

Daga nan ku koma littafinsa na lissafi mai gida-gida. Ya ɗauki kowane gida a matsayin santimita murabba'i ɗaya, ya cike gida 8 a layi, ya ci gaba har su kai 48. Layi 6 zai samu. Ki saba masa da tambayar kansa: 8 sau nawa ne 48? Ya kuma gwada amsarsa kafin ya rufe littafi. Da ya ninka 40 sau 8 ya ga 320, da shi da kansa ya gane akwai gyara.

Amsar kuma santimita 6 ce zalla, ba murabba'i ba, tunda gefe layi ne. Yara da yawa na asarar maki a nan, abin yana yi mini ciwo.

In kin ga yana raba 48 ɗin gida biyu, to ya haɗa lissafin girman fili da na kewaye ne, sai ki bambance masa su a rana daban. In kuma jadawalin sau ne bai zauna ba, nan za ki fi ba da ƙarfi, musamman gidan 6 zuwa 9.

Idan hannunsa ya faɗa, ki ba shi na manya: fuloti mai ƙafa murabba'i 5,000, gabansa ƙafa 50, ya faɗa wa babansa tsawon.