Kantoma, ciyaman da magajin gari

Wata mai karatu daga Funtuwa ta rubuto: "Malam, mahaifina ya yi kansila, ya yi kantoma, daga baya ya ci zaɓen ciyaman, amma har yau Kantoma ake kiransa. Ba abu ɗaya ba ne?"

Malama, kujerar ɗaya ce, hanyar hawanta ce ta bambanta. Ciyaman ƙuri'a ke ɗora shi. Kantoma kuwa naɗi ne: gwamna ya kira ka, ya ce je ka riƙe.

Kalmar kantoma ta girmi ƙananan hukumomin da kansu. Aro ce daga Turanci, wato "cantonment magistrate", sunan majistaren bariki na zamanin Gwamna Lugga, mai kula da mazaunin Turawa da sojoji a irin su Lokoja da Zungeru. Bahaushe ya murɗa sunan yadda harshensa zai ɗauka, kamar yadda ya yi wa razdan da di'o. Da gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi a gurbin En'e, sojoji suka riƙa naɗa masu riƙo, sai tsohuwar kalma ta sami sabon aiki. Gwamnonin farar hula suka gaji ɗabi'ar, kuma ba banza ba, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda gwamna ya naɗa, gwamna yake wa aski, ba talakan da ke jiran famfon unguwa ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta hana gwamnoni rushe zaɓaɓɓun shugabanni su sa kantomomi, ta ce kuɗin ƙananan hukumomi 774 su tafi musu kai tsaye.

Batun mahaifinki kuwa, gaishe min da Baba. In laƙabi ya kama bakin mutanen gari, zaɓe ba ya goge shi.

Wani daga Maraɗi ya ce: "Me ya sa rediyo ke cewa magajin garin Landan, amma a Najeriya sai ciyaman?"

Ɗan'uwa, ku a Nijar kun ba zaɓaɓɓe wannan suna, ya kuwa zauna daram. A nan sarautar tana da masu ita. Magajin Garin Sakkwato yana cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi, to wane ɗan jarida zai ɗauki rawaninsa ya ɗora wa ɗan siyasa? Shi Sadiq Khan, da ke riƙe da Landan tun 2016, babu fadar da za ta kai ƙararsa.