Tambayi Likita: Bitamin C, rukunin jini da batun wankin ciki

Tambaya: Likita, tunda sanyin Jos ya shigo nake shan bitamin C mai miligiram 1000 sau uku a rana don kada mura ta kama ni. Da matsala? (Ɗan kasuwa, Terminus)

Amsa: Da matsala, Alhaji. Namiji miligiram 90 yake buƙata a rana, mace 75, kuma ba a so a wuce 2000. Kai kana kan 3000. Rarar ta fitsari take fita, amma tana iya jawo zawo da murɗar ciki, wasu har tsakuwar ƙoda. Bitamin C ba ya hana mura, sai dai ya ɗan rage kwanakinta. Gwaba ɗaya daga kasuwar Farin Gada ta ishe ka.

Tambaya: Jinina O ne, an ce wake da alkama ba sa karɓar mu. (Ɗaliba, Angwan Rogo)

Amsa: Ci wakenki, 'yata, bincike bai tabbatar da wannan magana ba. Abin da zai amfane ki shi ne ki san ko rukunin jininki negatif ne (Rhesus) saboda goyon ciki, da kuma ko AA ce ke ko AS kafin aure saboda cutar sikila.

Tambaya: Maigidana sai ya yi kwana biyu bai yi bahaya ba. Kowace Juma'a yana shan jiƙon kanwa da maganin wankin ciki na masu talla a mota. Yaran ma ana ba su. (Uwargida, Gangare)

Amsa: Hajiya, don Allah a janye wa yaran nan tun yau. Wa ya ce dole ne kowa ya zaga kullum? Daga sau uku a rana har zuwa sau uku a mako duk lafiya ce, muddin yana fita ba tare da yunƙuri mai tsanani ba. Babu wani dattin da ke maƙale a hanji yana jiran wanki.

Abin da jiƙon nan yake yi shi ne tilasta zawo. Ruwa da gishirin jiki su zube, ƙoda ta wahala, yaro kuwa cikin sa'o'i kaɗan sai ya galabaita. Ga kanwa gishiri ce, bai kamata mai hawan jini ya sha ta ba. Mai tallan nan da lasifika bai san ma adadin abin da ya zuba a gorar ba, mu ake kawo wa waɗanda suka sha a ranga-ranga da tsakar dare.

A ƙara wa maigidan zogale, kabeji, wake da gwanda, ya riƙa shan ruwa ko da sanyi ya hana shi jin ƙishi, ya ɗan taka da ƙafa. In yana shan maganin ƙarin jini ko tiramol, su ma suna busar da bahaya.

Amma in ya ga jini, ko bahayar ta yi baƙi, ko yana ramewa, ko yanayin fitarta ya canja tsawon makonni, kada a ce basir ne a zauna. Ku je asibiti, musamman in ya haura shekara 45. Ciki ya kumbura ga amai, ko tusa ba ta fita? Wannan ba a jiran gari ya waye, ku nufi sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibitin da ya fi kusa.