Gwaggo, mai ƙofa biyu zan saya ko mai ƙofa huɗu?

Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lafiya tare da iyali. Ni saurayi ne mai shekara 29, ina zaune a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa. Sana'ata noman shinkafa da rani, da kaka kuma ina sayen riɗi a hannun manoma in kai Kano. Shekara huɗu ke nan ina tara kuɗin mota, kuma bana Allah ya sa abin da na tara ya kai. Tun ina yaro nake son mota mai ƙarfi, wadda idan an taka totur take amsawa nan take, kuma ba zan ɓoye miki ba, wannan sha'awar ce ta sa na daure na yi ta tari ban taɓa kuɗin ba.

Wani dillali a Kano ya nuna mini motoci biyu waɗanda kuɗinsu kusan ɗaya ne. Ta farko Honda Civic Si ce ƙirar 2008, ja, mai ƙofa biyu. Ta biyun Golf GTI ce ƙirar 2007, baƙa, mai ƙofa huɗu da murfin but a baya. Dukansu giyar hannu ne. Na tuƙa kowacce a hanyar Haɗeja. Da na shiga Hondar na ji ƙarar injinta lokacin da allurar da ke nuna juyin inji ta yi sama, sai da tsikar jikina ta tashi, kuma tun daga ranar ita nake gani idan na rufe ido. Golf ɗin ita ma tana da ƙarfi, har ma na ji kamar ta fi saurin ɗauka, amma abokaina sun ce duk wanda ya gan ni a cikinta zai ɗauka motar haya na sayo, tunda Golf ce ke lodin fasinja a kowace tasha daga Ringim har Gujungu.

Abin da ya hana ni barci shi ne Inna. Mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni ne babba namiji a gida, kuma Inna tana fama da ciwon gwiwa wanda yake sa a kai ta asibiti a Ringim akai-akai. A yanzu a kan babur nake kai ta bakin titi, sannan mu nemi mota. Da na nuna mata hotunan motocin biyu a waya, ta daɗe tana kallon jar, sannan ta tambaye ni ta ina mutanen baya suke shiga. Na yi mata bayani cewa kujerar gaba ake kwantarwa. Ba ta ce komai ba sai addu'ar Allah ya zaɓa mini mafi alheri, amma shirun nan nata ya tsaya mini a rai. Ga shi kuma bayan Babbar Salla za a ɗaura mini aure. Daga kwalta zuwa ƙofar gidanmu akwai tafiyar kusan kilomita shida, rabi burji rabi yashi, da damina kuma akwai wani kwari da ruwa yake kwanciya.

Gwaggo, ina tsoron in sayi Golf in riƙa jin cewa na yi shekara huɗu ina wahala ban sami abin da raina yake so ba, kuma ina tsoron in sayi Honda in zama mai son kansa. Dillalin ya ba ni mako biyu. Ki ba ni shawara tsakaninki da Allah.

Ɗanki, daga Taura.

*

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba Inna lafiya, ya sa albarka a auren da ke tafe. Son mota mai ƙarfi ba laifi ba ne, kuma wanda ya yi shekara huɗu yana tsaye a cikin ruwan shinkafa yana da haƙƙin ya sayi abin da zai faranta masa rai da guminsa. Saboda haka ba zan ce ka bar duka biyun ba, zan dai gaya maka wadda nake ganin za ka iya zama da ita a garinku.

Golf ɗin nake ba ka shawara ka saya, bisa wasu sharuɗɗa da zan faɗa maka, kuma dalilina na farko shi ne ƙofa. Ka kwatanta ranar da za ka ɗauki Inna da mahaifiyar matarka zuwa suna ko ta'aziyya. Ɗaya ce kawai za ta zauna a gaba. Ɗayar kuwa sai ka kwantar da kujera, ta tattare zani, ta sunkuya, ta ɗaga ƙafa ta tsallake bel, ta juya jikinta a ƙuntataccen wuri kafin ta zauna, duk a gaban surukinta da yaran unguwa. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya wannan ba, mai lafiyar ma kunya za ta hana ta, kuma irin tarbiyyar iyayenmu ba za su taɓa ce maka sun takura ba, sai dai ka ga sun fara cewa ka bari su hau motar kasuwa. Tambayar da Inna ta yi maka ita ce iyakar abin da za ta iya faɗa ba tare da ta shiga tsakaninka da kuɗinka ba.

Akwai kuma abin da ka fi ni sani game da zaman ƙauye. Ranar da motar nan ta kwana a ƙofar gidanku, ta zama ta gari. Ƙarfe biyun dare za a buga maka ƙofa saboda mai naƙuda, ko yaron da zazzaɓi ya sa yana suma, ko wanda maciji ya sara a fadama, kuma ba za ka iya cewa a'a ba, ba ma za ka so ka ce ba. Mai naƙuda ana shigar da ita ne a kwance, mata biyu suna riƙe da ita, wanda ba zai yiwu ta bayan kujerar da aka kwantar ba. A Golf ƙofofin baya suna buɗewa, kujerun bayan suna naɗewa, murfin but ɗin kuma yana ɗagawa gaba ɗaya har da gilashinsa, ta yadda injin ban ruwa ko buhun taki zai shiga ba tare da kokawa ba. Wannan shi ne ainihin bambancin ƙirar biyu, kuma shi za ka riƙa gamuwa da shi kullum, alhali ƙarar injin da ta burge ka sai ka sami titi mai kyau wanda babu kowa za ka ji ta.

Game da ƙarfi, kunnenka da jikinka duk sun gaya maka gaskiya. Injinan biyu lita biyu ne, kuma ƙarfinsu kusan doki 200 kowanne, amma ba a wuri ɗaya suke ajiye ƙarfin ba. Injin Civic Si ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi, sai ya yi juyi sosai, wajen dubu shida a minti zuwa dubu takwas, sannan yake nuna abin da ya iya, kuma a nan ne ƙarar da ta tayar maka da tsikar jiki take fitowa. Injin GTI kuwa turbo gare shi, yana ba da jansa tun kafin allura ta kai dubu biyu. A hanyar da za ka riƙa rage gudu saboda rami, da shanu, da amalanke, da tudun da ake ginawa a tsakiyar titi a kowane gari, motar da take amsawa tun daga ƙasa ita ce ta fi daɗin tuƙi. Don kai Honda inda take waƙa sai ka yi gudun da hanyoyinmu ba sa ɗauka, kuma ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ga ƙananan motoci kilomita 80 ce a awa a babbar hanya, 50 a cikin gari. Ranar kasuwa a bakin titin Gujungu ko hamsin ɗin ma ta yi yawa.

Maganar abokanka cewa Golf motar haya ce ba ta kai ka rasa barci ba. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera GTI tun 1976, kuma ita ce ta sa duniya ta san cewa ƙaramar motar iyali za ta iya zama motar gudu. Sai dai akwai wani kuskure da ke ɓoye a cikin maganar tasu wanda shi ya fi damuna, domin zai iya cin kuɗinka. Kada ka ɗauka cewa tunda kowane bakanike a tasha ya san Golf 3, wato tsohuwar ƙirar da ake haya da ita, to ya san wannan. Sunan ne kawai ɗaya. Injin GTI ta 2007 yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, kwamfuta ce ke tafiyar da shi, kuma ba ya yafe sakaci. A nan dole in yi wa Honda adalci: injinta ya fi jure wahala, sarƙa gare shi a maimakon bel ɗin timin da ke daidaita juyin sassan inji, kuma ya fi haƙuri da hannun bakanike. Idan da inji kaɗai ake saye, da Honda zan ce maka. To amma kai gida kake saya wa mota.

Saboda haka ga sharuɗɗan. Kafin ka biya ko sisi, ka je da bakanikenka na kanka, wanda ya saba da motocin Jamus na zamani kuma yake da na'urar da ake jonawa ta karanta matsalolin mota, kada ka yarda da wanda dillali ya kawo. Ku je da sassafe a tayar da injin yana sanyi a gabanku, ku duba hayaƙin salansa, domin shuɗin hayaƙi alama ce ta injin ko turbo yana shan baƙin mai. Ka tambayi lokacin da aka canja bel ɗin timin, idan babu wanda ya sani, ka cire kuɗin sabo daga farashin ka canja shi a makon farko, saboda idan ya tsinke a kan tafiya injin ne gaba ɗaya zai lalace. A ƙarƙashin famfon fetur mai matsi akwai wani ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba wanda yake cinyewa a hankali. Ba shi da tsada, amma idan ya huje yana cin sandar da ke juya shi, kuma wannan gyara ne mai nauyi, don haka a buɗe a gani. Ka kuma tabbatar lambar jikin motar ta yi daidai da wadda ke takardun kwastan. Na ji daɗi da ka ce giyar hannu ce, domin irin wadda ke canja giya da kanta, mai suna DSG, tana buƙatar canjin mai na musamman duk kilomita 60,000, masu gyaranta kuma ba su da yawa. Idan dillali ya ƙi yarda a yi wannan binciken, ka bar masa motarsa, kuma kada wa'adin mako biyun ya firgita ka.

Sannan ka shirya wa abin da zai biyo bayan saye. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 riƙe mota ya fi sayenta wuya. Motocin nan biyu fetur mai kyau aka ƙera su su sha, saboda haka ka riƙa cika tanki a gidan mai da ka amince da shi idan ka shiga gari, ka guji na galan da na kwalba a bakin hanya sai bisa larura. Baƙin mai kuma ka sayi na roba a rufe irin wanda kamfanin ya ƙayyade, ka riƙa duba sandar awo kowane mako. Da hunturu ƙura tana toshe matatar iska da wuri, da bazara kuma zafi yana wuce digiri 40, don haka lagireto da fankarta su zama a cikin idonka kullum. Kayan gyara za ka samu a Ƙofar Ruwa a Kano, amma ka sani cewa kowace matsala babba tafiya ce zuwa birni. Idan kuɗin da ka tara zai ƙare ƙaf a wajen saye, ga kuma hidimar aure a gabanka, gara ka jinkirta zuwa kaka.

Hanyar gidanku ita ce abin da ba ni da cikakken maganinsa, kuma ba zan yaudare ka ba. Duka motocin biyu gajeru ne, an matso da su kusa da ƙasa da gangan don su riƙe kwalta a kwana, tayoyinsu kuma masu siririn gefe ne a kan wili mai inci 17, irin wanda rami ɗaya yake iya lanƙwasawa. Ka sa a ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji don kare kaskon baƙin mai, ka kuma tambayi bakanike ya mayar maka da wili mai inci 16 da taya mai kauri. Kwarin nan da ruwa ke kwanciya kuwa kada ka taɓa shigarsa da ita idan ruwan ya kai rabin taya, domin inji idan ya zuƙi ruwa ta hanyar iska yana tsayawa ne nan take, wani lokacin har ya lanƙwasa ƙarafan ciki. Tun yanzu ka nemi gidan wani amintacce a bakin titi inda za ka riƙa ajiye ta a watan Agusta da Satumba, kada kuma ka sayar da babur ɗinka.

Idan aka bincika Golf ɗin aka same ta da ciwo, kada ka koma wa jar don kawai ita ce ta rage. Kamfanin Honda ya fitar da Civic Si mai ƙofa huɗu daga ƙirar 2007, injinta da giyarta iri ɗaya ne da na wadda ka tuƙa, ƙarar ma ita ce. Ba ta da yawa a kasuwa, amma ka sa dillalai biyu ko uku su nemo maka, idan an samu ka gwada giya ta uku da kyau domin wasu daga cikinsu suna da matsala a nan. Ko wacce ce ta tsallake binciken bakanike, ka roƙi dillalin ya bar ka ka kawo ta Ringim ranar da Inna take da ganin likita, ka buɗe mata ƙofar baya, ka tsaya a gefe ka ga yadda za ta shiga da yadda za ta fito kafin ka ƙirga masa kuɗi.

Gwaggonka.