Sabar tana jan ƙafa tana sandarewa: shin hoton ƙwaƙwalwar kanel zai nuna matsalar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Jidda nake aiki, ni ke kula da sabar Linux ta wani kamfanin da ke shirya wa masu Umara masauki da mota. Da goman ƙarshe na Ramadan ta matso sai sabar ta fara jan ƙafa, wani lokaci ma ta sandare sai an kashe an kunna. Wani abokin aiki ya ce in ɗauki hoton ƙwaƙwalwar kanel, wato kwafin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar sabar (RAM). Yaya ake yi, kuma zai nuna mini inda matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, cuta biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Shawarar abokin naka ta dace da sandarewar, amma ba za ta yi maka aiki a kan jan ƙafar ba.

Mu fara da sandarewa. Kanel shi ne ginshiƙin da ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa da lokacin aiki. Idan ya faɗi ba a yarda da shi ya rubuta komai a faifai, don shi kansa ya rikice. Shi ya sa tun 2005 Linux ke amfani da wani tsari mai suna kdump: ana keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwa tun wajen kunnawa da umarnin crashkernel, a ajiye ƙaramin kanel na biyu a ciki. Da zarar babban ya faɗi, kexec, hanyar tada kanel daga cikin wani kanel, zai tada ƙaramin ba tare da an goge ƙwaƙwalwa ba, shi kuma ya kwashe abin da ke ciki zuwa fayil mai suna vmcore, yawanci a /var/crash.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Sandarewa ba faɗuwa ba ce, kdump kuwa sai an faɗi yake motsawa. Idan ka danna makunni ka kashe sabar, ka shafe shaidarka da hannunka. Ka kunna SysRq, hanyar aika wa kanel umarni kai tsaye, tun yanzu, don in ta sandare ka tilasta mata faɗuwa da harafin c, ko ka kunna saitunan kanel na softlockup_panic da hung_task_panic don ta yi hakan da kanta. In kuma sabar a cikin KVM take, wato tana gudana a matsayin manhaja a cikin wata kwamfuta, umarnin virsh dump zai ɗauko hoton daga waje.

Kada girman fayil ɗin ya tsorata ka. Idan ka sa makedumpfile, manhajar da ke tace hoton, a mataki na 31, zai zubar da shafukan da ba komai a ciki da na manhajojin masu amfani, ya bar na kanel kaɗai. Wajen karantawa sai manhajar crash, tare da vmlinux, wato fayil ɗin kanel ɗin kansa, mai bayanan gyara wanda ya yi daidai da sigar kanel ɗinka. A cikin crash, ka fara da umarnin log don ganin saƙonnin kanel, sannan bt don ganin abin da yake yi lokacin da ya faɗi, sannan ps ka nemi ayyukan da suka maƙale suna jiran faifai.

Jan ƙafa kuwa, hoto ɗaya na masu ɗawafi ba zai gaya maka ƙofar da ke haddasa cunkoso ba, sai ka tsaya ka kalli yadda jama'a ke shiga da fita. Wannan aikin perf ne, ma'aunin aikin kwamfuta wanda ya shigo Linux a 2009: ka bar perf record ya yi minti ɗaya a daidai lokacin da nauyi ya yi yawa, ka duba inda lokaci ke tafiya. Kafin nan ma, vmstat da iostat, masu nuna nauyin da ke kan ƙwaƙwalwa da faifai, sukan tona asirin. A irin aikinku, ni rumbun bayanai da faifai zan fara zargi kafin kanel.

Ka gwada kdump a Rajab ko Sha'aban, da dare, domin gwajin kansa yana kayar da sabar. Sannan vmcore na iya ɗauke da mabuɗan sirri da lambobin fasfo na baƙinku, ko da an tace shi. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumbar 2023, kuma hukumar SDAIA ce ke sa ido a kanta, don haka kada ka tura fayil ɗin ga wani a wajen kamfani sai da izinin shugabanninka.