Hitar Ruwa da Bola: Tambayar Uwargida daga unguwar Nima a Accra

Tambaya: Malam, wace hitar wanka zan saya, mai tanki ko mai dumama nan take? Ruwanmu daga tankin roba yake saukowa. Sannan ledar ruwan sha ta cika mana gida.

Amsa: Hajiya, ki ɗauki mai tanki. Ta nan take tana buƙatar ruwa mai ƙarfi, in ruwan tankinku ya sauko a hankali ba za ta kama ba. Tana kuma jan wuta kilowat 3.5 zuwa 7, wanda tsohuwar wayar gidan haya ba za ta ɗauka ba. Mai tankin lita 30 da kilowat 1.5 tana dumama ruwa cikin minti 40. Lallai mai gyaran wuta ya ja mata layinta daban, da makunninta, da wayar da ke shiga ƙasa, domin rashinta kan kashe mutum a banɗaki. Kada a toshe bawul ɗin da ke ɗiga, shi ke rage matsi. Kada kuma a kunna ta ba ruwa, ƙarfen dumamawar zai ƙone.

Ledar kuwa, ki tara ta busasshiya a buhu, masu saye na zagayawa. Sauran bolar a ba mai aboboya (babur mai ƙafa uku da ke kwasar shara), ban da kwata.