Tambayi Likita: Hoton Ƙirji, Asfirin da Man Birki a Kan Rauni

Tambaya: Likita, an rubuta mini hoton ƙirji, amma ana cewa haskensa yana ƙona jini.

Amsa: Ki je ki yi, Hajiya. Tun 1895 da wani masanin kimiyya mai suna Röntgen ya gano wannan haske a Jamus ake aiki da shi. Gaskiya ne waɗanda suka fara sarrafa shi sun ƙone a hannu, don lokacin ba a san kariya ba, amma na yau ɗan kaɗan ne. Idan kina da juna biyu, ki faɗa kafin a ɗauka.

Tambaya: Zan iya ba ɗana mai shekara shida asfirin idan zazzaɓi ya kama shi?

Amsa: A'a. Tsohon magani ne, kamfanin Bayer ya fito da shi a 1899, amma ba na yara ba ne. Ku kai shi asibiti a gwada jininsa.

Tambaya: Ni bakanike ne. Idan ƙarfe ya yanke mu a gareji, man birki muke zubawa. Maigidanmu ya ce ai Turawa ma daga kwalta suka samo maganin rauni na farko. Haka ne?

Amsa: Malam, wannan tambaya ta fi damuna. Maigidanku ya ji rabin labari ne. A 1865, wani likitan fiɗa a birnin Glasgow na Birtaniya mai suna Joseph Lister ya ji ana zuba sinadarin kabolik, wanda ake tacewa daga kwaltar kwal, a magudanar ƙazanta ta garin Carlisle don kashe wari. Sai ya jiƙa ƙyalle da shi ya ɗaure ƙafar wani yaro ɗan shekara 11 da amalanke ya taka, ƙashi ya fito waje. A zamanin nan irin wannan karaya sau da yawa sai an yanke ƙafa. Yaron ya warke da ƙafarsa.

To amma kabolik ɗin yana cin fata. Hannun ma'aikata ya riƙa tsagewa, yana cikin dalilin da aka fara sa safar roba a ɗakin fiɗa, daga baya kuma aka koma dafa kayan aiki da tururi. Abin da masu shi suka bari shekaru sama da ɗari, ku kuma kuna neman wanda ya fi shi muni? Haba! Man birki da baƙin mai da ruwan batir ba don jikin ɗan Adam aka yi su ba. Zafin da kake ji kana cewa “yana aiki”, naman ka ne ke mutuwa, kuma a mataccen nama ƙwayoyin cuta suka fi samun wurin zama. Muna ganin yatsu sun kumbura sun yi baƙi, har sai an guntule.

Ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ka danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, ka tafi asibiti ranar nan a duba, a yi maka allurar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Idan wurin ya fara kumburi, ko mugunya, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi, kada ka kwana a gida. Don Allah ka faɗa wa yaran garejin su ma.