Yashin Da Ke Tafasa Ba Ruwa: Yaya Kwamfuta Ke Lissafa Shi?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniyancin sinadarai ne. An ba ni aikin kwaikwayon tukunyar da ake hura iska ta ƙarƙashin gari har ya riƙa motsi kamar ruwa. Wace hanya zan bi a kwamfuta, kuma zan iya yarda da sakamakon?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ɗauko babban aiki, amma mai daɗi. Idan iska ta ratsa yashi daga ƙasa, akwai gudun da in ta kai, ƙarfinta zai yi daidai da nauyin yashin. Daga nan sai ya saki jiki, ya yi ta ɓulɓulo da kumfa kamar kunu a wuta. Fritz Winkler ne ya fara cin moriyar wannan a Jamus a shekarun 1920 wajen fitar da gas daga kwal, sannan a 1942 aka kunna tukunyar fasa mai ta farko irin wannan a Baton Rouge, Amurka. Matatar Kaduna ma tana da irinta.

Hanyoyin lissafi manya guda biyu ne. Ta farko, CFD-DEM, tana bin kowace ƙwaya da karonta da 'yan'uwanta. Tsuji da abokan aikinsa a Japan suka nuna ta a 1993. Tana kusa da gaskiya, sai dai tsada. Matsakaicin girman ƙwayar garin da ke cikin tukunyar matata kusan maikiron 70 ne (maikiron dubu ke yin milimita ɗaya), wato kilo ɗaya ya haura ƙwaya biliyan 3, alhali tukunyar na ɗaukar tan-tan. Ta biyu, wadda Anderson da Jackson suka shimfiɗa a 1967, tana ɗaukar garin kansa a matsayin ruwa na biyu da ke cuɗanya da iska. Ita na fi so ka fara da ita, da manhajar MFiX ta ma'aikatar makamashin Amurka, wadda kyauta ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfin jan da iska ke yi wa ƙwayoyi. Ka tuna mata suna sheƙar gero: ƙaiƙayin da ya warwatsu iska ke kwashewa, wanda ya dunƙule kuwa ƙasa yake faɗowa. Haka gari mai laushi yake, wanda masani Geldart ya sa a rukunin A lokacin da ya rarraba nau'o'in gari a 1973. Yakan dunƙule, iska ta bi ta gefe. Idan ƙananan akwatunan da ka raba tukunyar gida-gida da su a kwamfuta don yin lissafi sun fi dunƙulen girma, lissafin ba zai gan shi ba, sai ya ƙara wa iska ƙarfin da ba ta da shi, garin ya kumbura fiye da zahiri. Hoton zai fito da launi mai kyau, amma ba gaskiya ba ne, kuma wannan na damuna matuƙa idan na gani a kundin ɗalibai.

Saboda haka ka samu bututu mai gani-gari, ka zuba yashin da ka tankaɗe, ka auna faɗuwar matsin iska da tsayin da yashin ya kai. Idan ya fara motsi, faɗuwar matsin sai ta yi daidai da nauyin yashin a raba da girman filin bakin bututun (area). In kwamfutarka ta ba da wannan, ka rage girman akwatunan da rabi ka sake gudanarwa, ka ga ko amsar ta tsaya.